Tarin da Muka Ɗora wa Barkono

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni mai sauraronku ne daga Gashuwa, ina sarin busasshen barkono in kai Nguru.

Ni da yayana mun fi shekara goma muna shan wiwi. Ba ma taɓa sigari, wai ita ce mai kisa, wiwi kuwa ganye ne kawai. Bara Yaya, wanda muke sana'ar barkonon tare, ya fara tari. Duk mai ɗura barkono a buhu yana tari, sai muka ce yaji ne. Kakar barkono ta wuce, tari bai wuce ba, har ya fara tofar da jini. A Maiduguri likita ya ce ciwon daji ne a huhu. Na ce, "Likita, ai ba ya shan sigari." Ya ce, "Malam, hayaƙi hayaƙi ne, huhu ba ya tambayar sunansa." Bayan ƙaramar salla muka binne Yaya, ya bar mini 'ya'ya biyar a kan nawa huɗu.

Duk da haka ban daina ba, sai ranar da na tarar da 'yata Falmata, 'yar shekara shida, ta naɗe busasshen zogale a takarda ta sa a baki, tana ce wa ƙannenta, "Ku yi shiru, ni ce Baba."

Yau kwanana goma sha biyu ban sha ba. Abinci ba ya ciyuwa, faɗa nake da kowa. Don Allah wanda ya taɓa bari ya faɗa mini yadda ya yi.

Ina gaida abokaina na rumfar barkono. Ina jin tarinku, kuma ba yaji ba ne.