Tafkin Bayan Masana'anta da Makomar Inji na Biyu

Mai girma shugaban taro, mai unguwarmu Baba Mdletshe, Fasto Zikhali, wanda ya ba mu aron wannan zaure, manajan masana'antar takarda, Mista Ramdhani, shugaban ƙungiyar ma'aikata, ɗan'uwa Mzwakhe Hlongwa, iyayenmu manoman itacen turare, wanda da shi muke yin takarda, da suka sauko daga kan tuddai tun da safe, ma'aikatan inji na ɗaya da na biyu, direbobi, mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa, iyayena, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama, ina kuma godiya gare ku da kuka zo, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwata a layin motar haya tun watan Maris. Ban riƙe kowa a zuci ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nomvelo Shabane. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki guda a masana'antar nan: in auna iskar da muke saki sama wadda ke ƙara wa duniya zafi, in rubuta adadinta, in sa hannu. Ranar Juma'a mai zuwa zan sa hannu a rahoton bana, kuma ayyukan mutum ɗari da arba'in na inji na biyu sun rataya ne a kan lambar da zan rubuta. Abin da ya tara mu ke nan. Zan faɗi yadda muka zo nan, da abin da na samu, da abin da zan yi.

Na farko, yadda muka zo nan. Kusan duk kwalin da inji na biyu ke fitarwa kamfani ɗaya ne ke saye, a ƙasar Turai. Sharaɗinsa shi ne kada iskar da muke saki ta wuce kilo ɗari tara a kan kowane tan na takarda. Shekara da shekaru muna rubuta ɗari takwas da arba'in. Ana auna kwal ɗin da ke shiga tukunyar tururi, ana karanta mitar lantarki, ana lissafa man motoci, a haɗa, a raba. A takardar akwai wani ɗan gurbi na tafkin da ke bayan masana'anta, inda ruwan wanke markaɗen itace ke kwanciya kafin ya tafi kogi. A wannan gurbi kullum sifili nake sawa, domin ƙa'ida ta ce tafkin da ake kaɗawa iska tana shigarsa ba ya fitar da gas ɗin ruɓa.

A watan Janairun bana na bi ta bakin tafkin, ina neman wata mitar ruwa da ta daina aiki. Sai Baba Gcaba, mai kula da famfuna, ya kira ni daga rumfarsa. Ya ce, "'Yar Shabane, zo ki sha shayi. Ku mutanen ofis kullum da gudu, kamar an biyo ku da kare."

Na zauna. Butar tana tafasa a kan risho, wuta shuɗiya tas, amma ban ga tukunyar gas ba. Wani tiyo ne kawai ya fita daga rumfar, ya bi ciyawa, ya shiga wata ganga da aka kifa a kan ruwa. Na ce, "Baba, ina tukunyar gas ɗinka?"

Ya nuna tafkin da cokali. Ya ce, "Ga ta nan, faɗinta filin ƙwallo biyu. Shekara tara rabona da sayen kalanzir."

Na ce, "Wa ya san da wannan?"

Ya ce, "Kowa. Ko Mzwakhe a nan yake ɗumama tuwonsa, ya ci ya tafi ba godiya. Ku masu takardu ne kawai ba ku sani ba, don ba kwa zuwa inda ke wari."

Kuna dariya, ni ma a ranar na yi dariya. Amma ban iya shanye shayin ba.

Jama'a, injunan da ke kaɗa tafkin nan an kashe su shekara goma da suka wuce, lokacin da ɗaukewar wuta ta yi tsanani, don a rage shan lantarki. Kun tuna bikin da aka yi? An gasa nama, an raba riguna masu hoton koren ganye, an ce masana'antarmu ta rage gurɓata iska. Ni na lissafa wannan ragin. Ni na tsaya kusa da manajan wancan lokaci aka ɗauke mu hoto. Muka kashe injuna muka rage kilo ashirin da biyar, muka bar tafki ya ruɓe yana fitar da abin da ya ninka haka sau da yawa, ni kuma na ci gaba da rubuta sifili daga kan kujerata, tafiyar minti shida daga bakin ruwan. Ba Mista Ramdhani ba ne, bai zo ba tukuna a lokacin. Ba Baba Gcaba ba ne, shi shayi kawai ya dafa. In kuna neman wanda ya yi sakaci, ga ta a gabanku.

Na biyu, abin da na samu. Na kifa robobi a wuri goma sha biyu a kan tafkin, na tara iskar a jakunkuna, na aika ɗakin gwaji a Durban. Na yi haka daga Janairu zuwa Maris, lokacin tsananin zafi a nan kudancin duniya. Tafkin ya ƙara mana kilo ɗari da casa'in. Lambarmu ta tashi daga ɗari takwas da arba'in ta koma dubu da talatin.

Da labarin ya fita, na ga abin da ban taɓa gani ba. Mista Ramdhani da Mzwakhe, waɗanda ko a kan lokacin tashi cin abinci ba su taɓa yarda da juna ba, suka shigo ofishina tare, ɗaya na riƙe wa ɗaya ƙofa. Mzwakhe ya ce, "Ƙanwata, ba mu ce ki yi ƙarya ba. Yuli ma wata ne da Allah ya halitta. In sanyi ya sauka tafkin nan barci yake yi. Ki auna a Yuli." Mista Ramdhani ya buɗe littafin ƙa'ida ya nuna mini da yatsa, ya ce, "An ce a auna. Ba a faɗi wata ba."

Gaskiyarsu, ba a faɗi wata ba. Na yi musu alkawari zan auna a Yuli, na kuwa auna, wurare goma sha biyun nan dai, da robobin nan dai. Sakamakon ya iso makon jiya. A cikin sanyi tafkin kilo hamsin kawai ya ƙara. Lambar Yuli ita ce ɗari takwas da casa'in, ƙasa da sharaɗin mai saye da kilo goma.

Don Allah kada ku tafa. Ku bari in ƙarasa.

Rahoton nan na shekara ne, ba na Yuli ba. Tafkin yana nan a Yuli, yana nan a Janairu, yana nan ranar Kirsimeti lokacin da kwalta ke narkewa a ƙarƙashin takalmi. In aka haɗa zafi da sanyi aka raba, lambarmu ɗari tara da sittin ce. Mun wuce da kilo sittin. Na juya lissafin nan ta kowace fuska da na sani, na ba wani tsohon malamina ya duba, da fatan ya ce na yi kuskure. Bai ce ba.

Na san abin da ke ran da yawanku, domin Mama Cebekhulu, wadda ke da kadada huɗu na itacen turare a kan tudu, ta faɗa mini shi a kasuwa, a gaban mai tumatir. Fasto ya gafarce ni, zan maimaita yadda ta faɗa. Ta ce, "Su mutanen Turai da suka cika sama da hayaƙi tun kakannin kakanninsu, yau su ne za su zo auna tusar tafkinmu?" Mama, na ji ki. Kin yi gaskiya, kuma gaskiyar taki ba ta rage kilo ɗaya daga lambar ba. Na gaji da wannan rashin adalci kamar yadda kika gaji. Na gaji da cika takardun da ake sauya wa tsari duk shekara biyu daga wata ƙasa mai nisa. Na gaji da zama mutum guda a garin nan da ake yin shiru in ta shigo shago. Amma gajiyata ba ta cikin abin da aka ce in auna.

Na uku, abin da zan yi. Zan iya ce muku mai sayen yana turo masu bincikensa duk shekara uku, kuma a Fabrairu suke zuwa, kuma in suka kama mu da lambar Yuli ba inji na biyu kaɗai zai tsaya ba. Wannan haka yake. Sai dai zan yaudare ku in na ce shi ne dalilina. Ko da ba mai zuwa, na rubuta sifili shekara goma ban sani ba; ba zan rubuta ɗari takwas da casa'in ina sane ba. Ranar Juma'a zan rubuta ɗari tara da sittin. Mista Ramdhani yana da ikon nemo wani ya sa hannu a maimakona, na faɗa masa haka a ofis, ina kuma maimaitawa a gabanku don kada a ce ya ci amanata.

Akwai hanya guda da ta rage, kuma ƙarama ce. In aka gyara injunan kaɗa tafki, ruɓar za ta tsaya, lantarki zai ƙaru da kilo ashirin da biyar ɗin nan, mu tsaya a ɗari takwas da sittin da biyar, da zafi da sanyi. Makanikai sun ce gyaran wata bakwai zai ci. Yarjejeniya kuwa a Oktoba ake sabunta ta, saura wata biyu. Na rubuta wasiƙa zuwa ga mai saye, na faɗi kuskurenmu yadda na faɗa muku, na roƙi a yi mana jinkirin wata bakwai. Ba na yi muku alkawarin za su amsa. Ban san su ba, ba su san mu ba. Abin da na sani shi ne wasiƙar mace ɗaya da ta shekara goma tana kuskure ba ta da nauyi. Wasiƙar da manaja da ƙungiya da manoma da ma'aikata suka sa wa hannu tana iya sa wani ya karanta har ƙarshe.

Wasu suna cewa magana tana yi mini sauƙi, tunda aikina a ofis yake. Ƙanena Sibonelo yana inji na biyu shekara goma sha huɗu, 'ya'yansa uku, matarsa na da ciki. Ranar Lahadi na kai masa wasiƙar nan gida, na roƙe shi ya zama na farko da zai sa hannu. Ya karanta ta sau biyu a tsaye. Ya ce, "Yaya, ke za ki kwana da gaskiyarki. Ni da me zan kwana?" Ya miƙo mini ita, ya raka ni har bakin hanya kamar yadda ya saba. Tambayarsa daidai ce.

Wasiƙar tana kan tebur a bakin ƙofa, da alƙalami. Babu mai tsayawa a kanta yana kallon wanda ya sa hannu da wanda ya wuce. Ni ma ta ƙofar baya zan fita, don kada kunyata ta sa wani ya yi abin da ransa bai so ba. Gobe da safe Fasto zai kawo mini ita, ko da suna ɗari, ko da suna biyu, ko ba ko ɗaya, kuma a yadda ta zo haka zan aika da ita.

Allah ya tsare wa kowane gida abincinsa. Allah ya tausasa zuciyar wanda zai buɗe wasiƙarmu. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba ma'aikatan inji na biyu haƙuri da ni, ya mai da iyayenmu kan tuddai lafiya kafin rana ta faɗi.

Shugaban taro, iyakar abin da ke bakina ke nan. Na gode.