Miyar Kifin Shago Mai Shuɗiyar Ƙofa

A tashar mota ta bakin teku a garin Sokcho, Taeho ya zube kan benci kusa da wata tsohuwa. Surukansa da ya kawo shan iska suna zaune a gefe.

"Ɗana, lafiya ka haɗe rai?" in ji tsohuwar.

"Iya, kunya na sha. Surukaina na kai cin miyar kifi, aka kawo mana ruwan wanke-wanke. Kifin kuwa ina jin ya girme ni."

"Wane shago?"

"Mai shuɗiyar ƙofar nan."

"Ayya! Ba ka lura ko kyanwa ba ta zama a ƙofarsa ba?"

"Hoton miyar da ke ƙofar ne ya ruɗe ni. Mai girkin nan ko kunya ba ya ji!"

"Kunya yana ji, ɗanɗano ne ba ya ji. Mijina ne."

Taeho ya miƙe zumbur ya sunkuyar da kai. "Iya, ki yafe ni!"

"Zauna. Kai yau kaɗai ka ci kake kuka. Ni tun ina amarya nake yaba masa."

"To yanzu ina za ki?"

"Gidan 'yata, cin abincin rana. Taso surukanka mu tafi, tukunyarta babba ce."