Ku Miƙe Tsaye Mu Ga Fuskokinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, 'yan majalisarmu da suka daure suka zo suka cika kujerun gaba, malamai da lauyoyi da 'yan jarida, iyayena mata da ke can baya kusa da ƙofa saboda zafi, mutanen unguwar gangare da har yau kuke kwana a azuzuwan makaranta, da sauran jama'a manya da ƙanana, ina yi muku gaisuwar girma, ina kuma yi muku ta jaje.

Ina godiya ga masu shirya taro da suka miƙo mini wannan lasifika. An ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, amma ba zan kai majalisa iya taƙaitawa ba, domin jiya ta gama da maganar rayukan mutane kafin in gama goge gilashin idona.

Ga wanda bai san ni ba, malamar tarihi ce ni, na koyar har na yi ritaya. Ni ce kuma yayar mutumin da ya buɗe ƙofar dam ranar ambaliya. Na faɗa da bakina don kada wani ya sha wahalar raɗa wa na kusa da shi. Autanmu ne, shi ke kula da ƙofofin, kuma yana tsare tun ranar.

Kun san dam ya cika, dole a saki ruwa. Kun san ƙofa biyu ce. Ta gabas tana kai ruwa inda ba mai kwana, sai sabon filin wasa da gidajen gonar manya. Ta yamma tana kai shi gangare, inda mutane ke girki da wanki da renon 'ya'ya. Aka buɗe ta yamma, da rana tsaka, babu ko jiniya. A kan haka majalisa ta fara shari'ar tsige gwamna, bisa zargin shi ya ba da umarni. Jiya aka zo kan tambaya ɗaya: a kira shaidu ko kada a kira.

Magana ta farko ita ce abin da na gani da idona daga benen 'yan kallo. Kakakin majalisa ya ce masu son a kira shaidu su ce e. Na ji wasu muryoyi ƙasa-ƙasa, kamar na ɗaliban da ba su yi aikin gida ba. Ya ce waɗanda ba sa so su ce a'a. Jama'a, sai da tagogi suka amsa! Daga dama a'a, daga hagu a'a. Masu kare gwamna da masu neman tsige shi, mutanen da suka taɓa ɗage zama saboda rigimar wanda zai zauna ƙarƙashin fanka, jiya bakinsu ya zo ɗaya. Na juya na tambayi ɗan jaridar da ke gefena, na ce, "Ɗana, wane ne ya ce e, wane ne ya ce a'a?" Ya ce, "Mama, ai ƙuri'ar murya ce, ba a rubuta suna." Ina nan zaune har aka share zauren.

Magana ta biyu. Na ƙarar da ƙuruciyata ina karanta shari'o'in sarakuna da waziransu da shugabanni, na adalci da na zalunci. Na karanta inda azzalumi ya sayi shaidun zur, ya koya musu abin faɗa, ya tsayar da su gaban alƙali. Ko shi ya san shari'a ba ta tsayuwa sai da bakin wanda ya gani, ko shi yana da sauran kunyar da za ta sa ya nemo maƙaryaci. Namu ko maƙaryacin ba su nema ba. Sun ce shaidu ɓata lokaci ne. Lokacin wa? Na matan da ke shanya tabarmi a kan bencin 'yan aji uku? Sun ce sun riga sun san gaskiya. Na dama sun san bai yi ba, na hagu sun san ya yi, kuma duka ba sa bukatar ji daga wanda hannunsa ke kan ƙarfen ƙofar!

Magana ta uku, ita ce mai nauyi. Na je wurin Auta a gidan yari. Ya rame, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Yaya, waya biyu aka buga mini kafin in buɗe." Na ce, "Biyu?" Ya ce, "Ɗaya daga ofishin gwamna, ɗaya daga jagoran masu neman tsige shi, wanda gidan gonarsa ke gabas. Duka cewa suka yi yamma." Na ce, "Kai Auta, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Ya ce, "Ki sa a tsayar da ni a gabansu su biyun, a ba ni rantsuwa."

Ban ce muku gaskiya ya faɗa ba. Ni na goye shi, na san ya iya ƙarya tun yana satar sukari yana cewa tururuwa ce. Shi ya sa nake so a kira shi. A kawo lauyan da ya fi kowa kaifin baki ya yi masa tambaya har ya jiƙe da gumi. A kira sakatariyar da ta haɗa wayar. A kira abokin aikinsa da ke tsaye a ɗakin injin. In ƙarya yake, a tone shi a gabana, ni zan fara juya masa baya. Amma in ba a kira kowa ba, ko a tsige gwamna ko a bar shi, za a rufe maganar, Auta ya tafi kotu shi kaɗai da gawarwakin unguwa guda a wuyansa, a ce shi ya ga dama ya buɗe. Mahaifiyarmu ta daina fita ko ƙofar gida. Kullum abin da take ce mini, "In shi ne, a faɗa mini, in san irin addu'ar da zan yi masa."

Kada ku ɗauka ni kaɗai ke son ji. Matar telan bakin gada, wadda ruwa ya ci mijinta a kan kekensa na ɗinki, tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Yau da safe ta buga mini ƙofa. Ta ce, "Malama, ban yafe wa ƙaninki ba, kada ma ki sa rai. Amma ina so in ji wanda ya ce masa buɗe." Ga ta can a layi na biyu. Tare muka zo.

Ga roƙona. Na karanta dokokin zaman majalisa tun daga bango har bango. Gobe kafin a yanke hukunci, mutum ɗaya zai iya neman a sake ƙuri'ar shaidu, mutum ɗaya ya mara masa baya, a kuma yi ta da miƙewa tsaye. Ban ce ku tsige shi ba, ban ce ku bar shi ba. Na ce ku saurara kafin ku yanke, na ce wanda zai ce a'a ya miƙe mu ga fuskarsa, ya faɗe ta a gaban matar tela.

Ɗan majalisar mazaɓarmu, kai nake kallo. Ka zauna a ajina, Sarkin Surutu muke ce maka, ban taɓa samun hanyar rufe maka baki ba. Jiya na kasa kunne ban ji muryarka ba, ko a e ko a a'a. Ina tambayarka kamar yadda na saba: wa zai tashi ya amsa?

To, ya miƙe. Jama'a, ku bar tafi tukuna, ku dai shaida, ku da aka ce ba a bukatar shaidu. Tsaya a haka, ɗana, kada ka zauna. Saura ɗaya, kuma kujerun gaba cike suke.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su, ya ba iyalansu haƙuri, ya mayar da mutanen gangare ɗakunansu. Allah ya bayyana gaskiya ko a kan wa ta faɗa, ko da a kan ɗan uwana ne. Allah ya ba na biyun ƙarfin gwiwa kafin gari ya waye, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.