Ku Kayar da Tsoho Pang

Uwargida Shen, shugabar kwamitin Unguwar Gadar Dutse kuma shugabar wannan zama. Likita Bao, wanda ya fi 'ya'yanmu sanin hawan jininmu. Yayyenmu maza da mata da suka haura tamanin, waɗanda aka girmama da kujerun gaba. Baƙinmu daga ɗakunan tsofaffi na unguwannin maƙwabta. 'Yan'uwana na ɗakin hutawa, masu buga kati, da masu kallo, da masu zuwa gyangyaɗi kawai. 'Ya'ya da jikoki da suka rako mu: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, barkanmu da ganin ranar tsofaffi ta bana.

Godiya ga matan da suka dafa wainar bikin nan, godiya ga wanda ya kawo shayin fure, godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama.

An umarce ni, ni Dai Meilan, mai riƙe da makullin ɗakin kati, in yi bayani kan yadda ake zaɓen injin cuɗa kati na hannu da yadda ake aiki da shi, domin maƙwabta sun ji mun saya, suna neman shawara. Zan yi bayanin, amma zan yi shi da sunkuyayyen kai, domin duk abin da muka sani game da injin nan, da mutuncin mutum ɗaya muka koye shi. Ku dubi teburin bakin taga. Kujerar Tsoho Pang ce babu kowa a kanta, kuma ba ciwo ne ya hana shi zuwa ba.

Baƙinmu, ga wanda bai san shi ba, Tsoho Pang matuƙin jirgin ruwa ne da ya yi ritaya, kuma babu wanda ya kai shi iya wasan katin nan na guandan a unguwar nan. Kun san dokar wasan kamar yadda muka gaje ta: mutum huɗu, bandir biyu na kati, wanda ya rage da kati a hannu shi ne na ƙarshe, na ƙarshe kuma shi ke wankin kati, wato cuɗawa, sauran suna ɓare 'ya'yan kankana suna yi masa dariya. Pang ne sarkin wannan dariyar. In ka faɗi, sai ya jingina ya ce, "Wanke da kyau, ƙanena, ka sa sabulu, katin nan na warin faɗuwa!"

A bazarar bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya tashi, ya dawo, bakinsa garau, kansa garau, sai dai hannun hagu ya ƙi. Ya zo da wani katako mai tsaga wanda yake jera katinsa a kai. Ranar da ya fara zama na ƙarshe, ya jawo katin da hannu ɗaya, ya danne da haɓa, katin ya tarwatse har ƙarƙashin kabad. Babu wanda ya yi dariya. Ina ma mun yi.

Daga ranar, ba tare da an yi taro ba, ba tare da wani ya ce wa wani uffan ba, muka daina barin Pang ya zama na ƙarshe. Mai riƙe da sarki huɗu sai ya ɓoye su, mai dab da gamawa sai ya yi kamar ya manta, har Inna Mao, wadda ba ta raga wa mijinta ba a teburin kati, ta koma yin kuskure da gangan. Muna ganin kirki muke yi. Sannan muka ƙara da sayen inji, don in tsautsayi ya sa ya faɗi duk da haka, ya samu mataimaki.

To ga batu na farko, baƙinmu: ku gwada inji da irin hannun da zai yi aiki da shi. Mu uku muka je kanti, hannu shida lafiyayyu. Kowa ya dafe injin da hagu, ya juya mariƙi da dama, muka ce madalla, muka zaɓi na roba mara nauyi don launinsa ja ne. Babu wanda ya tuna cewa hannun dafewar nan shi ne babu.

Batu na biyu ba a jikin inji yake ba, a wajen miƙa shi yake. Mun ɗaura masa jan kyalle. Mun sa an rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: Don Yayanmu Pang. Mun tara ɗaki, har da mai ɗaukar hoto. Ni na miƙa masa da hannu bibbiyu, aka tafa, aka ce ya gwada. Ya dube mu, ya kama mariƙi, ya juya. Injin ya soma tafiya a kan tebur. Ya bi shi, injin ya ƙara gaba. Inna Mao ta kai hannu za ta dafe masa, ya ce, "Bari, Mao." Juyi na gaba injin ya faɗi ƙasa, aljihun injin ya fita, kati ya bazu a ƙafafun mutane. Pang ya ɗauki katakonsa ya sa a hammata, ya sunkuya mana kamar baƙo, ya ce, "An gode da karamci." Bai sake tako ɗakin ba.

Jama'a, mun ɗauki raunin mutum mun rubuta a jikin roba, mun ɗaura masa kyalle, mun kira mai hoto. In akwai kunyar da ta fi wannan, ni dai ban san ta ba. Haka na zata, har na je gidansa makon jiya.

Na same shi yana ba kifayensa abinci. Na fara ba da haƙuri kan injin, sai ya katse ni.

Ya ce, "Meilan, ke ma da shirme kike. Inji ya faɗi, sai me? Ni da na taɓa kifar da jirgin kabeji a gaban surukina?"

Na ce, "To me ya hana ka zuwa, Yaya?"

Ya ce, "Kin ɗauka hannu ne ke ƙirga kati? Kai ne, kuma kaina bai shanye ba. Na san abin da ke hannun kowa. Na ga Mao ta rungume sarki huɗu kamar jikanta har wasa ya ƙare. Na ga ke kin jefa ƙaramin kati kina kallon rufi. Tun bazara babu wanda ya zage ni a teburin nan. Kowa sai sannu Yaya, a hankali Yaya. Irin muryar da ake yi wa na kan gadon asibiti. Ni wasa na zo yi, ku kuma jinya kuke yi."

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige. Shayin da ya zuba mini ya huce ban iya kai shi baki ba.

Saboda haka ga sauran batutuwan, a taƙaice, tunda an sa ni. Ku sayi mai nauyi, mai ƙafafun roba masu kama tebur, ko ku ɗaure shi a kan katako kamar injin taliya. Sabon da muka sake saya haka muka yi masa, na kuma gwada shi da hannun hagu a aljihu. Ku tabbatar yana cin bandir biyu a tashi ɗaya, domin mai cin ɗaya ba na guandan ba ne. Ku raba katin gida biyu daidai, rabi dama rabi hagu, ku juya a hankali ba fizga, domin fizga ke sa ya shaƙe; ku maimaita har katin ya gaurayu sosai, ku kuma fitar da duk wanda ya lanƙwashe ko ya sha maiƙon 'ya'yan kankana. Wasu sun tambaye ni me ya hana mu sayen mai batir, a danna kawai a huta. Na tambayi Pang haka, ya ce, "In inji ne zai yi wanki shi kaɗai, wa za a yi wa dariya?" Mai mariƙi yana bar wa na ƙarshe aikinsa, yana bar wa sauran lokacin tsokanarsa. Kada kuma ku rubuta sunan kowa a jiki. Na ɗaki ne, duk wanda ya faɗi, shi zai juya, mai hannu biyu da mai hannu ɗaya.

Yanzu ga roƙona, wanda don shi na yarda na hau nan. Pang ya ce zai zo gobe bayan abincin rana. Ya ce sau ɗaya zai zo ya gani. Ya ce in ya hango tausayi a hannun mutum ɗaya, zai ɗauki katakonsa, kuma ko gawarsa kada mu raka.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwana, ina roƙonku da girman furfurarku. Inna Mao, ki sauke masa sarakunanki huɗu a ka. Yaya Tao, ka daina tarin ƙarya in katinka ya yi kyau. Duk wanda ya zauna da shi gobe, ya buga kamar da maƙiyinsa yake bugawa. Ba zai yi sauƙi ba, domin ya fi mu iyawa, kuma ya zo da haushi. Mai yiwuwa mu yini muna juya mariƙi yana mana dariya. Amma kada wanda ya saurara masa, kada wanda ya ce masa sannu. Wanda zuciyarsa ba za ta iya ba, ya zauna a gida gobe, ba za mu ga laifinsa ba.

Ina mana fatan tsawon rai mai amfani, da gwiwa mai hawa bene, da ido mai ganin kati. Masu ciwo su samu sauƙi, 'ya'yanmu na nesa su tuna da hanyar gida, baƙinmu su koma lafiya. Kuma ina roƙo, da dukan zuciyata, gobe Tsoho Pang ya sha kaye na gaskiya, kayen da babu hannun kowa a ciki, ya rage da katako cike da kati, mu yi masa ihu har a ji a titi.

Na gode.