Hadarin da Ya Taso Daga Yamma

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, limaminmu, iyayen wannan ƙungiya tamu ta 'yan Arewa mazauna ƙasar waje, 'ya'yana ɗalibai da kuka taso daga unguwannin Wangsa Maju da Pantai Dalam, ina gaishe ku.

Ni ce Halimatu Sadiya, shekarata saba'in da ɗaya, kuma ina roƙon kada kowa ya dube ni da idon tausayi. Na gode da ta'aziyyar mijina, Malam Zahraddeen, na gode da abincin da kuka yi ta aikowa har na fita takaba, na kuma gode da wannan walimar bankwana da kuka shirya don ku sallame ni zuwa Kano.

Na farko, kun sha tambayar abin da ya kai tsofaffi biyu tafiyar ƙasa a bakin teku. Tun da muka bar koyarwa Malam yake son mu taka gaɓar tekun garin Port Dickson wuni guda. Muka kama hanya bayan asuba. Rana ta buɗe, yashi ya yi zafi, ya ce, "Malama, ƙafafun nan naki na ofis ne." Na ce, "Malam, kai da kake haki, bar ni da ƙafafuna."

Da hantsi hadari ya haɗu a kan teku, ta yamma. Ku da kuka tashi a Arewa kun san yadda muke karanta sama: hadarin gabas ake gudu, na yamma ya riga ya wuce. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ba namu ba ne." Muka wuce rumfar fakewa ta ƙarshe a bakin gaɓar.

Ashe a wannan gaɓar daga yamma yake zuwa. Ruwa ya dake mu, rana ta busar da mu, iska ta taso, ruwa ya sake dukanmu, babu wurin fakewa sai duwatsu. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ni, yana dariya, haƙoransa na kaɗawa. Sanyi ya shiga ƙirjinsa. Sati bai zagayo ba kuka sallace shi.

Na biyu, batun tafiyata. Ɗana Fatihu kullum yana waya daga Kano: "Umma, ki dawo gida mana, wa kike da shi a can?" Ina da wanda ya tuɓe rigarsa domina, yana kwance a ƙasar nan, kuma ba zan bar kabarinsa babu mai ziyara ba.

Saboda haka ku ci abincinku, amma babu wadda za ku raka filin jirgi. Na soke tikitin, na sabunta izinin zamana, na kuma sanar da Fatihu tun jiya.

Allah Ya jiƙan Malam da dukkan mamatanmu, Ya ba ɗalibanmu nasara, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.

Na gode.