Lilo Mai Kuka

A lambun shaƙatawa, wata tsohuwa na zaune kusa da lilon yara, sai ga mai gyara da gwangwanin mai.

"Ɗan nan, me za ka yi wa lilon?"

"Mai zan ɗiga masa, Iya. Kukansa ya ishi mutane."

"Waɗanne mutane? Ni ba mutum ba ce?"

"Haba Iya, ko ni haƙora yake kashe mini."

"Kai kana da ido. Ni tafin hannuna ma da ƙyar nake gani. Jikata ce a kai. Muddin yana kuka, na san tana nan. In ka toshe masa baki, da me zan tsare ta?"

"In aka tambaye ni a ofis fa?"

"Ka ce man ya ƙare."

"Da girmanki za ki koya mini ƙarya?"

"To juye wa sauran lilo biyun da ke gefe har ya ƙare, ka ga ba ka yi ƙarya ba."

Ya nufi na gefe yana dariya. Can sai kukan ya ɗauke. Tsohuwa ta yunƙura.

"Zauna, Iya," in ji shi. "Takalminta ne ya faɗi. Ina kallonta."