Ƙafar Kuloci

A ɗakin jiran likitan ƙashi a garin Flint na Amurka, Wendell sai kaɗa ƙafa yake, yana jujjuya hotunan motoci biyu. Wata dattijuwa da ke gefensa ta gaji.

"Bawan Allah, duk ka girgiza mana benci. Mota za ka zaɓa ko mata?"

"Mota, mai silinda takwas, mai ruri. Shekara talatin ina haɗa wa wasu a masana'anta. Ja ko baƙa, na kasa yanke shawara."

"Wace gwiwa za a yi maka aiki?"

"Ta hagu."

"Ƙafar taka kuloci ke nan. Sayi mai canza giya da kanta."

"Wannan ai ta zuwa cefane ce. Zan jira in warke, baɗi."

"Haka mijina Lyle ya ce. Ya jira fansho, ya jira yara su gama makaranta, ya jira gwiwa. Lahadi huɗu ya tuƙa tasa. Ta biyar a motar gawa ya je coci."

Ƙafar Wendell ta tsaya cak.

"Allah ya ji ƙansa. Tana gareji ke nan? Za ki sayar?"

"Gareji? Leƙa taga. Ni na zo da ita."

Ya leƙa. Ga ta nan ja, duk ƙurar hanya.

Aka kira sunansa. Ya miƙe da ƙyar, ya jefa hoton baƙar a kwandon shara, sannan ya juyo.

"Mai canza giya da kanta, ita ma tana ruri?"

"Kurma ma zai ji."